Rumbunan Tunau

Ku matso kusa, ku bar tsokanar juna. Kowa ya sami wurin zama? To, ga ta nan, ga ta nanku.

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Wani mutum ne a wani ƙauye da ake kira Tungar Marke, sunansa Tunau. Duk ƙasar nan ba a taɓa yin marowaci kamarsa ba. Amma ba da rowa aka haife shi ba. Bari ku ji inda ta same shi.

Yana ɗan shekara tara aka yi wata yunwa. Ubansa ya riga ya rasu, sai uwarsa da shi da ƙanwarsa Tabawa, wadda ke goye a lokacin. Uwar nan mace ce mai sakin hannu. Wannan ya yi sallama ta ɗebo masa, wancan ya yi sallama ta ɗebo masa, har ɗan rumbunsu ya koma wayam. Ranar da nasu ya ƙare, sai ta kama hannun Tunau suka bi gidajen da ta ciyar. Gida na farko aka ce masu gidan ba sa nan. Gida na biyu aka ce sai haƙuri. Gida na uku ko sallamar ba a amsa ba, alhali suna jin ana daka a ciki.

Sai uwar ta koma gida. In ta samo ɗan ganyen tafasa ta dafa, sai ta tura wa yaran, ta ce ita ta ƙoshi. Kwana tara tana cewa ta ƙoshi. Ran na goma ba ta tashi ba.

Tunau bai yi kuka ba. Ya ɗauki Tabawa ya goya, ya tsaya a bakin rumbun da ba kome, ya ce a ransa, "Daga yau abin da ya shiga hannuna ba zai fita ba."

Wani kawunsu ya riƙe su, ba don so ba. Tunau ya yi masa noma kamar jaki. Ɗan abin da aka ba shi sai ya tauna ya sa wa Tabawa a baki, har ta yi wayo. Da ya zama saurayi sai ya koma gonar ubansa. Shi ne farkon fita, shi ne ƙarshen dawowa. Ya gina rumbu ya cika. Ya gina na biyu ya cika. Ya gina na uku, wanda ya fi ɗakin kwanansa girma, shi ma ya cika.

Da fari baƙi kawai yake hanawa, mutane suka ce ai tattali ne. Daga nan ya hana maƙwabta. In an kira gayya ba ya zuwa, don kada wata rana a zo tasa ya ciyar da mutane. Daga nan sai rowar ta shigo cikin gida. Ya auri wata mace mai haƙuri, sunanta Yalwa. Kowace safiya shi zai auna mata tsaba da wani ɗan ƙoƙo, ya sa yatsa ya share kan.

Sai ta ce, "Maigida, wannan ba zai yi tuwo ba."

Sai ya ce, "To ki dama kunu."

"Ko kunun ma tsararo zai yi."

"Ƙara masa ruwa. Ruwa ai ba noma shi ake yi ba."

Allah bai ba su haihuwa ba. Yalwa tana kuka a ɓoye, shi kuwa a ransa cewa yake baki ya ragu. Tabawa ta yi aure a nan cikin ƙauyen, ta haifi 'ya mace. Ranar suna ya ce ƙafarsa ke ciwo, don kada ya kai ko zangarniya ɗaya. Daga ƙarshe ya hana kansa ma. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, rigarsa duk faci. In ya ga tururuwa ta ɗauki ƙwayar gero a tsakar gida, sai ya durƙusa ya ƙwace.

Ana nan, ana nan, sai fara ta sauko. Ta zo da rana tsaka ta rufe sama, kafin la'asar ta cinye gonaki ƙaf. Shekara ta kewayo, ta sake dawowa. Mutane suka ci abin da ke rumbu. Suka sayar da awaki. Suka tona gidajen tururuwa. Da abin ya kai maƙura, suka sauko da irin shuka da suka rataye a ɗaka, suka daka wa yara. Mijin Tabawa ya tafi neman abinci kudu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Sai ruwan farko ya sauka. Ƙasa ta jiƙe, tana ƙamshi. Amma duk Tungar Marke ba mai ƙwayar da zai jefa a rami, sai Tunau.

Wanda ya fara zuwa shi ne Bagudu maƙeri, tsoho ne, shi ke ƙera wa ƙauyen fartanya tun zamanin uban Tunau. Ya tarar da shi zaune a inuwar rumbu.

Ya ce, "Tunau, ɗana, ba abinci na zo nema ba. Iri nake so, ko cikin tafin hannu biyu. Zan riƙa yi maka gyaran kayan noma muddin raina."

Tunau ya ce, "Babu, Baba. Wanda ke ciki na gobe ne."

Bagudu ya dubi rumbunan, ya dube shi, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Washegari sai ga mai gari da kansa, da dattawa a bayansa. Mutumin da ake durƙusa wa, yau shi ya durƙusa.

Ya ce, "Tunau, gida arba'in ne a garin nan. In ba a yi shuka cikin kwana bakwai ba, gari ya tashi. Buɗe mana rumbu ɗaya, ka riƙe biyu."

Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, lokacin da uwata ta bi gidajen nan, wa ya buɗe mata?"

Mai gari ya sunkuyar da kai ya ce, "An yi mata laifi. Amma waɗanda suka yi duk suna ƙasa. Jikokinsu ne ke kuka yanzu."

Tunau ya ce, "Babu. Wanda ke ciki na gobe ne."

Rana ta uku sai ga Tabawa, da 'yarta a baya. Yarinyar ta kai shekara uku amma ba ta iya tsayuwa, kanta sai lilo yake.

Ta ce, "Yaya, ni ce."

Ya ce, "Na gan ki."

"Yaya, kai ka goye ni. Kai ka tauna ka ba ni. Dubi wannan, jininka ce. Ba na neman iri, ba ni da ƙarfin shuka. Abin da zan dama mata kawai."

Tunau har ya ɗaga ido ya dubi tsanin rumbu. Sai ya tuna in ya ba ta yau, gobe gari duka zai tsaya a ƙofarsa. Sai ya kau da kai.

Ya ce, "Babu. Wanda ke ciki na gobe ne."

Tabawa ta juya. Yalwa na bakin madafi tana ji. Sai ta juye tsabar da aka auna mata ta ranar a bakin zanenta, ta bi Tabawa zaure, ta ƙulle mata a gefen ɗankwali. Ashe Tunau ya gani. Ya taso ya fizge ɗankwalin, tsabar ta watse a ƙasa. Sai ya durƙusa yana tsincewa ɗaya bayan ɗaya, matan biyu suna tsaye a kansa.

Yalwa ta ce, "Maigida, shekara goma sha biyu ina jin yunwa a gidanka ban yi ƙara ba. Yau na gama."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko tabarmarta da ƙwarya ɗaya. Ta karɓi yarinyar ta goya, don Tabawa ta huta. Shi ko kai bai ɗaga ba, yana ta tsinta.

Kafin kwana bakwai gari ya watse. Wasu suka yi kudu, wasu suka yi yamma. Tunau ya tsaya a ƙofar gida yana kallonsu, ya ce, "Madalla. Yanzu ba mai roƙona."

Ya yi shuka shi kaɗai. Gero ya tsiro, ciyawa ta tsiro tare da shi. Ya yi noma har fartanyarsa ta karye. Ya je maƙera, ya tarar toka ta yi sanyi, zugazugi a yashe. Sai ya koma yana cire ciyawa da hannu har yatsunsa suka fashe. Wata rana aka yi iska mai ƙarfi, ta yaye jinkar rumbu na biyu ta jefar bayan gida. Jinkar rumbu kuwa sai maza shida ke ɗaga ta. Ya ja, ya tura, ya kasa. Ya lulluɓa tsofaffin tabarmi, ruwa ya yi ta bi ta cikinsu.

Duk da haka geron ya yi kyau. Ya fitar da kai, ya yi ƙwaya. Duk faɗin ƙasar nan ba wani kore sai gonar Tunau, sauran gonaki sun koma saura.

Ran nan da hantsi sai ya ga wani baƙin abu ya taso daga gabas kamar hadari. Ashe tsuntsaye ne, jan-baki, ba iyaka. Suka sauka a gonar suna ci suna waƙa:

"Ina za mu, Tunau, ina za mu?
Gabas saura, yamma saura,
Gona ɗaya ta rage a ƙasa,
Taka ce, Tunau, taka ce."

Ya ɗauki majajjawa. Ya kora na gabas, na yamma suka sauka. Ya kora na yamma, na gabas suka dawo. Da gari na nan, da yara sun cika gonaki da ihu da kaɗa ƙwarya. Yanzu muryarsa kaɗai ce, ita ma kafin azahar ta dushe.

Rana ta biyu suka dawo, sun fi na jiya yawa.

"Ina za mu, Tunau, ina za mu?
Gabas saura, yamma saura,
Gona ɗaya ta rage a ƙasa,
Taka ce, Tunau, taka ce."

Rana ta uku bai ko ɗaga majajjawar ba. Ya zauna a kunya yana kallo. Sai wata tsohuwar tsuntsuwa ta sauka a kan kara kusa da shi.

Ya ce, "Me na yi muku?"

Ta ce, "Ba ka yi mana kome ba. Kowace shekara muna zuwa garin nan. Da can gona arba'in muke tararwa, mu tsinci kaɗan a nan, kaɗan a can, ba wanda ya ji a jikinsa. Bana mun zo mun tarar da ɗaya. Ina sauran?"

Sai ta share bakinta a jikin kara, ta tashi. Kafin rana ta faɗi ba abin da ya rage sai tsayayyun karare.

Ya ce a ransa, "Ba kome, ai ina da rumbu uku."

Ya sa tsani ya hau na farko, wanda ya shekara goma bai buɗe ba. Ya zura hannu, hannunsa ya nutse cikin ƙasa. Gara ta shigo ta ƙarƙashi tun tuni, ta cinye dammunan, ta bar masa jar ƙasa. Ya hau na biyu. Wari ya buge shi, hatsin ya ruɓe ya yi baƙi. Ya hau na uku. Wannan kam lafiya lau, gero jawur har baki.

Ya sauko ya rungume rumbun. A nan zazzaɓi ya kama shi.

Kwana uku yana kwance a gindin rumbun. Ga abinci a bayansa wanda zai ci shekaru, amma ba ƙarfin hawa, ba mai sussuka, ba mai daka, ba mai hura wuta. Ya ja ciki zuwa randa, ya tarar ta bushe. Ya kira Yalwa. Ya kira Tabawa. Ba mai amsawa sai kurciya a kan marke.

Sai ya rarrafa ya fita waje, ko Allah zai sa wani ya rage. Ya isa gida na farko ya ce, "Salamu alaikum." Shiru. Ya isa na biyu, ciyawa ta rufe zaure. Ya isa na uku ya yi sallama da ɗan sauran numfashinsa, ya kasa kunne. Ba kowa.

A nan ya kwanta da fuskarsa a ƙasa. Sai ya tuna ranar da ya tsaya riƙe da hannun uwarsa, ana daka a ciki an ƙi amsa musu. Shekara talatin yana tsine wa mutanen gidan nan. Sai ya ga Tabawa tsaye da goyo, ya ga kansa a durƙushe yana tsintar tsaba.

Ya ce, "Wayyo Allah. Ashe ni ne na cikin gidan."

Kukan da bai yi ba yana ɗan shekara tara, ranar ya yi shi. Ya yi ta yi har muryarsa ta ɗauke. Allah da ikonsa, aka yi ɗan yayyafi na ƙarshen damina, ruwa ya taru a wani fasasshen kasko, ya sha. Da haka ya rayu.

Da ya sami ƙarfin tsayawa, sai ya hau rumbun ya fito da dammuna. Ya sussuka da kansa, ya sheƙe, ya cika taiki biyu, ya ɗora wa jakinsa. Hannunsa na ɗaure taikin, zuciyarsa na cewa, "Rage kaɗan, rage kaɗan." Har ya kwance ya ɗebi ƙoƙo guda. Ya tsaya yana kallonsa. Sai ya mayar, ya ɗaure, ya kama hanyar kudu.

Tun daga hanya ya fara ganin abin da ya yi. Nan tulin ƙasar kabari da ƙaya a kai, can wani. Wasu dogaye, wasu gajeru. Gajerun sun fi yawa.

Kwana biyu yana tafiya, ya isa wata kasuwa. A gindin wata tsamiya ya ga Bagudu maƙeri a zaune, idanunsa sun shafe, yana miƙa hannu ga masu wucewa.

Tunau ya durƙusa ya ce, "Baba, ni ne Tunau. Na kawo gero."

Tsohon ya ce, "Goben taka ta yi ke nan?"

"Ta yi, Baba."

"Ta makara. Matata tana can bakin rafin da ka tsallako. Da hannuna na rufe ta, da guntun kasko na yi tonon."

Tunau ya kwance bakin taiki. Ya kama hannun tsohon ya zuba masa gero a tafi. Bagudu ya shinshina, ya murza, hawaye na bin gemunsa.

Ya ce, "Geron Tungar Marke. Zan karɓa, don yunwa ba ta bar mini girman kai ba. Amma kada ka jira godiya."

Tunau ya ce, "Ban zo neman ta ba."

Ya ci gaba. A gari na gaba ya tarar da mai gari yana ja wa mutane ruwa a rijiya, ana ba shi ɗan tuwo. Babu rawani, babu dattawa.

Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe."

Mai gari ya ce, "Bar wannan, ba gari ba mai gari. Me ka zo yi?"

"Na zo in buɗe rumbu. Ɗaya ya rage. Ka faɗa mini inda mutane suke."

Mai gari ya ajiye guga, ya fara lissafa masa gidaje. Gidan wane sun yi yamma. Gidan wane saura mutum biyu. Gidan wane ba wanda ya rage. Tunau na tsaye yana ji, kowane suna kamar an ɗora masa dutse.

Ya ce, "Tabawa fa?"

Mai gari ya nuna masa wata hanya ya ce, "Tana can wata ruga, ita da Yalwa, suna yi wa Fulani daka. Je ka gani da idonka, ni ba zan faɗa ba."

Tunau ya isa rugar da yamma. Ya hango mata biyu a bakin turmi. Ya duba bayan wannan, ba goyo. Ya duba bayan waccan, ba goyo. Sai ya matsa kusa.

Ya ce, "Tabawa, na kawo hatsi."

Ba ta daina daka ba. Ta ce, "Wa ka kawo wa?"

"Ke da yarinya."

Sai ta ajiye taɓarya. Ta nuna masa wata ƙaya can gefen daji, ta ce, "Ga ta can a ƙarƙashi. Je ka dama mata."

Tunau ya zube a ƙasa.

Ta ce, "Kwana huɗu da barinmu gida ta cika. Kwana huɗu. Abin da ka tsince a zaure da ya kawo ta nan da ranta, nan kuwa akwai nono. Ka ma san sunanta?"

Tunau bai sani ba.

Ta ce, "Tashi ka tafi. Ba ni da wa." Ta shige bukka ta ja asabari.

Yalwa ce ta rako shi bakin hanya. Ta ce, "Sunanta Ladingo. Ni ma ba zan koma ba, Tunau, ka sawwaƙe mini. Amma bar hatsin, akwai yaran garinmu a nan, zan raba musu."

Ya sawwaƙe mata. Ya sauke taikin. Ya je gindin ƙayar nan ya daɗe a zaune, sannan ya juya gida.

Daga ranar bai huta ba. Ya koma ya cika taiki ya yi yamma. Ya koma ya cika ya yi kudu. Wasu suka karɓa suka yi shiru. Wasu suka karɓa suka zage shi. Wata mata da ta rasa 'ya'ya uku ta watsa masa geron a fuska, ya bari sai da ta shiga ɗaki, ya tattara ya ajiye mata a ƙofa. Jakin ya gaji ya mutu a hanya, sai ya koma ɗauka a ka. Gashin tsakiyar kansa ya zube, bayansa ya lanƙwashe. Kowane gida ya je sai ya ce, "In ruwa ya sauka ku dawo. Na ware iri, na kowa ne."

Da damina ta kewayo, cikin gida arba'in, gida bakwai suka dawo. Tunau da kansa ya je ya jawo Bagudu da sanda, ya sauke shi a ɗakinsa. Ya tara mutane a bakin rumbu, ya ce mai gari ya hau ya raba. Mai gari ya raba har ya share ƙasan rumbun da tsintsiya.

Ya ce, "Tunau, ba ka ware naka ba."

Tunau ya ce, "In na riƙe ƙwaya ɗaya, zan so ta biyu. Na san kaina. Ku ba ni fartanya kawai."

Shekarar nan gonarsa ba a shuka ta ba. Yau yana gonar wannan, gobe yana gonar wancan, musamman gidajen da maza suka ƙare. In an ba shi tuwo ya ci, in an manta ya yi shiru. Da fari ba mai zama kusa da shi. A hankali yara suka fara kiransa Baba Tunau. Amma bai ƙara dariya ba har ƙarshen ransa, kuma in ya wuce kufan gidajen da ba su dawo ba, sai ya sunkuyar da kai ya yi sauri.

Da kaka kowane gida ya kawo masa dami. Ya ɗauki mafi kyau ya yi tafiyar kwana uku, ya ajiye a ƙofar bukkar Tabawa. Ya yi sallama, ba ta fito ba. Shekara ta biyu ya kai, ba ta fito ba. Haka ya yi ta yi har shekara bakwai. Yana jin motsinta a ciki, yana tsayawa kaɗan, yana juyawa.

A shekara ta takwas aka yi girbi, Tunau bai iya tashi ba. Ƙirji ya kama shi, ƙafafu suka kumbura. Matan gari suna karɓa-karɓa wajen kawo masa kunu. Can a ruga kuwa, kaka ta wuce, Tabawa ba ta ji sallamar da ta saba ji ba. Ta yi kwana uku tana leƙen hanya. Ran na huɗu ta ɗaura zane ta fito.

Ta iso da hantsi. Ta tarar da shi kwance a kan tsohuwar tabarma, ya zama ƙashi da fata. Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe. Sannan ta shiga ta zauna, ta ɗauki mafici tana kore masa ƙudaje.

Ya buɗe ido ya ce, "Wace ce?"

Ta ce, "Ni ce, Yaya."

Ya yi ƙoƙarin tashi ya kasa. Ya ce, "Bana ban samu na kawo ba."

"Na gani."

Sai ya ce, "Tabawa, ban isa in roƙa ba, amma zan roƙa. Ki yafe mini."

Maficin ya tsaya a hannunta. Ta dubi bango ta ce, "Shekara bakwai ina ƙoƙari, Yaya. Wata rana in ji na yafe. Washegari in farka, in ji nauyinta a bayana, sai abin ya dawo sabo."

Ya ce, "To yau fa?"

Ta share ido da bakin zane. Ta ce, "Yau na yafe. Gobe ban sani ba."

Ya lumshe ido ya ce, "Ta yau ɗin ta ishe ni."

Kuma ta ishe shi, don bai kai goben ba. Kafin la'asar ya cika, hannunsa cikin nata.

Ƙurunƙus, kan kusu, nan ta tsaya. Ku dai riƙe wannan: in za ku ba mutum, ku ba shi tun yana tsaye a gabanku. Tunau ya gyara halinsa, Allah ya karɓa, amma Ladingo ba ta dawo ba. Ku tashi, kowa ya kama hannun ƙaninsa.